Tsakuwar Aljihun Kaka da Rijiyar da Taswira Ta Ɓatar

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za a tattara mu. Kakana na wajen uwa ya rasu wata Talata da hantsi a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, 'yan makonni bayan sojoji sun miƙa mulki, hotunan 'yan takara ma ba su gama ɓarewa daga bangonmu ba. Na rubuta wannan ne saboda na ji abin da aka riƙa faɗa a zaman makokinsa, kuma bai yi mini daɗi ba. Ni ban iya zagaye-zagaye ba. Abin da na gani zan faɗa, har da inda shi ma bai kyauta mini ba.

Tun kafin a dawo daga maƙabarta aka fara. Yayar Innata, wadda muke kira Hajiya Babba, tana tattara rigunansa da za a bayar sadaka, sai ta ji nauyi a aljihun wata tsohuwar taguwa. Ta zazzage a kan tabarma. Tsakuwa ce ƙanana, cikin tafin hannu ɗaya, duk ta yi sulɓi saboda shafa.

"Wannan kuma fa?"

Na ce, "Tsakuwa ce."

"Ina da ido, 'yar nan. Me take yi a aljihun Baba?"

Wata maƙwabciyarmu ta ja mayafinta ta matsa baya. "Mutumin da ya daɗe cikin Buzaye dai…" Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma buƙatar ƙarasawa. Kafin la'asar magana ta kai Unguwa Uku, wai an sami kayan asiri a ɗakin tsoho. Na kwashe tsakuwar na ƙulle a bakin zanena, ban nemi izinin kowa ba.

A ƙofar gida kuwa, ina miƙa wa maza buta na ji wani yana cewa, "Allah Ya jiƙan Malam, akwai shi da labari." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na san dariyar. Ma'anarta maƙaryaci ne, amma ba ya cutar kowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma na taɓa yin irinta.

Kaka ba mai sakin jiki da mutane ba ne. Idan aka rubuta masa magani sai na karanta masa takardar sau biyu, sannan ya kira wani ya sake karantawa, ya ji ko bakinmu ya zo ɗaya. Ranar da aka rantsar da farar hula, unguwa tana ta guɗa, shi rage rediyonsa ya yi ya ce, "An sauya masu raƙuma. Bari mu ga ko za su rufe rijiya in sun sha."

Amma yana da randa a zaure, ta girme ni, kuma bai taɓa hana kowa sha ba. 'Yan garuwa, masu jiran mota, mahaukacin da ke kwana a bakin titi, kowa. Sai dai akwai doka. Ba a watsar da ragowar ruwa, sai a juye a kaskon kaji. A mayar da murfi, a ɗora dutse a kai. Shi kansa in ya sha yakan ja da baya yana share sawunsa da gefen ƙafa, shi ya sa ya hana Kawu ya yi wa zauren siminti, rairayi yake zubawa. Wannan na ƙarshen ba wanda yake bi. Dariya ake masa.

"Amarya, kin bar sawunki." Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika.

"Tsohon miji, wa zai biyo ni? Kowa ya san inda randar take."

"Yau kam."

Labarin da yake bayarwa, wanda ya sa ake ce masa mai labari, shi ne yana saurayi wani Bature mai auna ƙasa ya ɗauke shi daga Kano cikin masu jan raƙumi, suka yi arewa, suka wuce Agadas da kwanaki. Jagoransu wani dattijo ne Ba'abzine. Ruwansu ya ƙare, Bature ya kwanta zazzaɓi, sai jagoran ya kai su wani kwarmi a gindin dutse. Aka ɗaga wani faifan dutse, aka kwashe yashi da hannu, sai ga ruwa, sanyinsa har haƙori. Suka sha, suka cika salka, suka rufe, suka share sawu. Nan Kaka yake tsayawa. In aka ce, "To Malam, ina wurin yake?" sai ya ce, "Yana nan inda yake."

Ina aji huɗu a sakandare na ɗauko littafin taswira na makaranta na shimfiɗa masa a cinya.

"Nuna min."

Ya duba ya ce, "Ba ta nan."

"Ba ta nan don babu ita. Malaminmu ya ce daga nan zuwa nan ba ruwa. Kaka, ka daina ba ni kunya a gaban mutane."

Haka na ce masa, da bakina. Kwana tara bai kira ni Amarya ba, sai "ke". Ni ma na ƙi ba shi haƙuri, don a ganina ni ce da gaskiya.

Wanda ya raba mu shi ne maƙwabcinmu, wani dattijo Kirista mutumin Filato da ya yi ritaya daga aikin zanen taswira a ofishin safiyo. Baban Filato muke ce masa. Shi da Kaka sun shekara da shekaru suna zama a benci ɗaya, kowa yana zargin ɗan'uwansa da sauya masa tashar rediyo. Ya kira ni shagon matarsa ya ce, "Ke, zauna. Kakanki ba ya ƙarya, kuma littafinki ba ya ƙarya. Na taɓa riƙe takardun taswirar wurin nan da hannuna, iri uku."

Ya ce a ta farko, wani hafsan Faransi ya ji labarin rijiyar a bakin makiyaya, bai je ba, ya ɗiga ɗigo ya sa alamar tambaya. A ta biyu, Baturen su Kaka ya je ya sha, ya goge alamar tambayar, ya zana ɗigon da ƙarfi. A ta uku, bayan 'yancin kai, wasu masu neman ma'adinai sun bi ɗigon da motoci, suka isa daidai inda takarda ta ce, suka tarar da yashi. Suka yi ta haƙa. Ɗaya daga cikinsu ya tafi dubawa a ƙafa, bai dawo ba. Daga nan aka goge ɗigon.

"Baturen nan ba ya kuskuren awo," in ji Baban Filato. "Na ga sauran aikinsa. Wuri ɗaya ne kawai ya kauce, kuma kakanki yana wurin. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce in bar shi ya ji labaran duniya."

Na koma gida na cika randa ba a sa ni ba. Da yamma na ji, "Amarya, kin bar sawunki." Shi ke nan sulhunmu.

Sauran labarin sai a ciwon ajalinsa na ji shi. Ni nake jinyarsa da safe, don na gama makaranta ina zaman jiran sakamako. Wata safiya ina ba shi koko ya ce in leƙa ko akwai wani a bakin ƙofa. Na ce babu. Ya ce in sake leƙawa.

Aikinsa a tafiyar, in ji shi, ƙirga takun raƙumi ne. Bature yana riƙe da kamfas, na'urar nuna arewa, shi kuma Kaka an cika masa aljihun dama da tsakuwa. Duk taku ɗari sai ya mayar da guda ɗaya aljihun hagu. In an sauka Bature ya ƙirga na hagu, ya san nisan da aka ci, ya rubuta. A ranar ƙarshe, da Bature ya galabaita a kan raƙumi, sai jagoran ya matso kusa da Kaka ya ce masa ruwan nan na gidaje kaɗan ne da dabbobinsu. Akwai wata rijiya da aka taɓa sa wa a takarda, sojoji suka zo da raƙumansu suka zauna a kanta har ta ƙafe, masu karɓar haraji kuma suka riƙa jiran mutane a bakinta. Ya ce, "Yau in ka ciro tsakuwa, wata ka sa a aljihu, wata ka sake ta a yashi."

"Ka saka?"

"Na saki. Da hannun nan. Na rage wa Bature tafiyar rabin yini." Ya taɓa aljihunsa. "Da na ji labarin wanda bai dawo ba, na tsinci tsakuwa adadin wadda na saki na zuba a nan. Ban sake fita ba tare da su ba."

Sannan ya koya mini hanyar. Jimla biyar ce. Akwai dutse a ciki, akwai tauraro, akwai wata itaciya da ƙila ta mutu tun ba a haife ni ba. Ba zan rubuta su a nan ba, kada ma wani ya zo ya tambaye ni. Ya sa na maimaita kullum har na gaji.

"Akwai wanda zai zo. Ki faɗa masa yadda na faɗa miki, kar ki ƙara, kar ki rage. Ban da shi, ko uwarki."

"Wane ne? Ka faɗi sunansa mana, mu huta."

"In na faɗa miki, kawunki zai ji. Za ki gan shi a bakin randa."

Game da Kawu ya yi gaskiya. Ƙanen Innata ne, tun lokacin zaɓe ya shiga babbar riga, kullum yana bayan wani sabon kansila a Tarauni. Ya taɓa shigowa ina tsakiyar maimaitawa, ya tsaya yana gyara hula fiye da yadda hula take buƙata.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Kawu ya aiko a kira ni zaure. Inna ta raka ni. Na tarar da wani mutum fari, mai rawani, karin sabunta ma bai sake shi ba. A waje akwai wata babbar mota mai tayoyin sahara.

Kawu ya ce, "Wannan Alhaji jikan jagoran nan ne da Baba yake ba da labari. Ya zo karɓar amanar kakansa. Faɗa masa."

Na ce, "Wa ya ce akwai amana?"

"Kar ki raina min hankali. Na ji ki da kunnena. Ke me za ki yi da rijiya a sahara? Ko Zariya ba ki taɓa zuwa ba."

Alhajin ya ɗaga masa hannu. Muryarsa a sanyaye take. Ya ce yana da motoci masu ɗaukar kaya da fasinja ta wannan hanyar, kuma duk shekara ana tsintar mutane a yashi, ƙishi ya kashe su, wataƙila ruwa yana kusa da su ba su sani ba. "Ƙanwata, ba don ni ba. Kakanki ya tafi, ba ya buƙatar ruwan nan. Rayayyu suna buƙata."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Na tuna wanda ya tafi a ƙafa bai dawo ba. Na tuna nauyin da ke ƙulle a bakin zanena. Inna ta taɓa ni ta ce a hankali, "Faɗa musu mana, ki rabu da shi." Jimlar farko har ta zo bakina.

Sai na ce, "Alhaji, ka sha ruwa tukuna. Ka yi magana da yawa."

Ya yi murmushi ya tashi. Ya ture dutsen, ya ɗiba da moɗa, ya kurɓa sau biyu, ya kuskure baki, ya watsa ragowar ta ƙofa har ya taɓa takalmin wani. Ya dawo ya zauna. Randar tana buɗe.

Na tashi na rufe ta na ɗora dutsen. "Ban san wata hanya ba. Kaka mai labari ne, kowa ya sani. Ku tambayi mutanen waje."

Kawu ya miƙe. Abin da ya kira ni ba zan rubuta ba. Ya ce a gaban Inna daga yau ba shi ba ni, kuma maganar neman mini gurbin karatu da ya yi alkawari in manta da ita. Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Ni kuwa na kasa cin abinci, don ban tabbata na yi daidai ba. Mutum yana iya mantawa da murfi. In kuma da gaske jikan ne fa? In kuma babu wanda zai zo?

To, tun ranar farko akwai wani tsohon Buzu da yake zama a tsallaken hanya, ƙarƙashin dalbejiya, fuskarsa a rufe sai idanu. Ba ya shiga cikin masu gaisuwa, ba ya karɓar abincin sadaka. An ce maigadi ne a wani gida a Daurawa. Da takalma uku suka ɓace a ƙofar gida, ni ce na fara cewa shi ne. Daga baya aka gano Hajiya Babba ce ta ɓoye su don kar a sace. Ban janye zargina ba duk da haka.

Ranar bakwai da azahar, an watse, yana nan. Na tsallaka.

"Baba, kwana bakwai kana kallon gidanmu. Me kake nema?"

"Ruwa."

"Ga randa can. Ba a hana kowa."

"Na sani. Mutane sun yi yawa ne."

Ya shiga zaure na bi shi, na tsaya a inda zan iya ihu. Ya tsuguna, ya sauke dutsen da hannu biyu, ya ɗibi kaɗan, ya ɗaga amawalinsa ya sha. Ɗan abin da ya rage ya juye a kaskon kaji. Ya rufe, ya ɗora dutsen. Sannan ya miƙe ya ja da baya, gefen ƙafarsa yana share rairayi, har bakin ƙofa.

Duk da haka na ce, "Kana iya kallon Kaka ka koya."

"Ina iya." Ya dube ni. "Ya gaya miki tsakuwar da ya saki?"

Wannan ko Baban Filato bai sani ba.

Ya ce jagoran mahaifinsa ne. Shi kuwa farin da aka yi ne ya koro shi Kano, dabbobinsa suka ƙare. Duk Juma'a in ya taso daga masallaci yakan biyo ta nan ya sha ruwa, Kaka yana kan benci, su ɗaga wa juna hannu. Ba su taɓa maganar ba ko sau ɗaya. Ni kuwa shekara nawa ina cika randar, ban taɓa lura da shi ba.

Na leƙa ƙofa sau biyu, sannan na karanta masa jimla biyar ɗin. Idonsa a rufe. A ta huɗu sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Na zaci kuka ne. Dariya yake yi.

"Haka ya faɗa miki? Daidai haka?"

"Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Allah Ya jiƙansa. Huɗu daidai suke, ya je wurin da ƙafarsa, ba shakka. Ɗaya ya karkatar da ita. Duk wanda ya bi wannan zai wuce ruwan bai gani ba." Ya goge ido da bakin rawani. "Saƙo ne ya bar min. Yana gaya min bai ba kowa ba. Ya riƙe."

Na ce, "Ko ni?"

"Ko ke."

"To gyara min."

"A'a, 'yata."

"Na ɓata da kawuna a kan wannan. Karatuna na sa a ciki."

"Na ji. Da kin ba mai rawanin can, da ya loda mutane a mota ya kai su inda babu komai. Kin yi daidai." Ya ce ruwan yana nan, ƙannensa suna shayar da 'yan awakinsu a wurin har yau, kuma matafiyin da ya faɗo hannunsu ba a hana shi sha. Kai shi ake yi, ba a kwatanta masa.

Na kwance bakin zanena na nuna masa tsakuwar. Ya juya ta da yatsa bai ɗauka ba. "Nauyinsa ne. Ya sauke. Ki zuba a gindin randa." Ya tafi. Juma'ar da ta biyo ya zo ya sha, ya ɗaga mini hannu.

Na daɗe ina jin haushin Kaka, kuma ba zan ce ya wuce gaba ɗaya ba. Wata uku ina ɗaga kansa ina ba shi koko, ina wanke masa jiki, yana kallon idona yana koya mini hanyar da ya san ba ta kaiwa. Da na yi rauni a gaban Kawu, da ni ce zan ɗauki irin tsakuwarsa har in mutu, kuma ya san haka. Ko dai ya tabbata ba zan faɗa ba, ko kuma bai tabbata ba shi ya sa ya karkatar. Ban san wanne ba ne, kuma ba ya nan balle in tsare shi da tambaya.

Amma ga masu dariya a ƙofar gidanmu, da masu ja da mayafi, ga abin da na sani. Ba asiri ba ne, ba kuma labari ba ne. Mutum ne da aka roƙa abu ɗaya yana saurayi, ya yi shi, ya ɗauki alhakinsa a aljihu har tsufa, ya yarda unguwa ta kira shi maƙaryaci da dai ya buɗe baki. Kawu har yau ba ya amsa gaisuwata. Randar tana nan, ni nake cika ta, ban kuma bari an yi wa zauren siminti ba.

Allah Ya gafarta masa abin da ya saki a yashi da wanda bai dawo ba, Ya haskaka makwancinsa, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. In ya sha, na san zai nemi murfi, sannan ya ja da baya yana share sawunsa.